Ranar da Kofur Lawali Ya Faɗo

Har yau na kasa mantawa da wata ranar Talata cikin damina, lokacin ina Saje a sansaninmu na kusa da Anka. Aikina shi ne ɗaure kayan da jirgi mai saukar ungulu ke ɗauka a rataye a ƙarƙashinsa. Ruwa ya yanke hanyar Bukkuyum, aka ce mu aika wa sojojinmu na can janareta.

Ga wanda bai san aikin ba, jirgin ba ya sauka. Yakan tsaya a iska daidai kan kayan, mutum ɗaya ya hau kayan ya maƙala igiya a ƙugiyar jirgin. To amma jirgi yana tara lantarki a jikinsa, don haka doka ce a fara taɓa ƙugiyar da wata sanda mai waya zuwa ƙasa, wutar ta sauka, kafin hannu ya kai.

Mai maƙalawa ran nan Kofur Lawali ne, mutumin Gummi. Jirgi na ƙarasowa ya ce mini, "Oga, sandar na cikin mota, in ɗauko?"

Hadari ya haɗo, matuƙi yana ta gaggauta mu a rediyo. Na ce, "Babu lokaci, hau kawai."

Ya hau. Hannunsa na taɓa ƙugiyar, wuta ta yi jifa da shi, ya faɗo kan dutse, ƙugunsa ya karye.

Da masu bincike suka tambaye shi a asibiti, ya ce shi ne ya manta da sandar. Ina tsaye a wurin, na bari suka rubuta hakan. Aka sallame shi daga aiki saboda rauni.

Bayan shekara na je Gummi duba shi, na tarar yana ɗingishi. Innarsa ta kawo mini fura tana cewa, "Kai ne ka kai shi asibiti? Allah shi yi maka albarka, ɗana." Na kasa sha.

Da muka keɓe na ce, "Lawali, don me ka rufa mini asiri?"

Ya ce, "Oga, kana da iyali. In an sallame mu duka biyu, wa ya amfana?"

Ku ƙananan ma'aikata, ku ji ni. Gaggawar matuƙi takan wuce cikin minti biyu, abin da ta jawo kuwa ba ya wucewa. Ku kuma manya, in na ƙasa da ku ya tuna muku doka, ku saurara. Ni ban saurara ba, kuma ba ni na karye ba.