Ranar Da Na Hana A Share Layinmu

Wata rana wani dattijo ya tsaya a ƙofar gidana ya roƙi ruwan sha, ya bar ni da maganar da ta hana ni cin tuwo kwana biyu.

Ku saurara da kyau, ba na maimaita magana.

Akwai lambatu da ya bi ta bayan katangar ɗakina. An rufe shi da kankare, ya je ya shige ƙarƙashin titi. Shekara uku ya daina tafiya. Ruwan wanka, ruwan wanke-wanke, da wanda ba a faɗa a gaban mutane, duk sai ya dawo ya kwanta mana a layi, baƙi ƙirin.

Wari kuwa, mai tallan kifi ma ya daina biyowa ta wajenmu.

Ni ba warin ne ya dame ni ba. Katangata ce.

Ginin ƙasa ne. Marigayi mai gidana da ƙafarsa ya kwaɓa ƙasar. Danshi ya hau ta har ƙugu, in ka danna yatsa sai ya nutse kamar a tuwo. Kuma a jikinta gadona yake.

Magini ya zo ya duba ya ce, "Hajiya Yalwa, in ruwan Agusta ya same ta a haka, ni dai na faɗa miki."

'Ya'yana suka ce in tattara in koma gidan ɗayansu. Na ce ɗakin da aka kawo ni ina amarya, daga cikinsa za a fitar da ni. Maganar ta mutu a nan.

Sai muka kafa kwamiti.

Malam Tanimu, tsohon malamin firamare, shi ya rubuta takardar koke. Masu boko suka sa hannu, irinmu muka dangwala yatsa. Gida arba'in da biyu.

Muka kai sakatariyar ƙaramar hukuma. Aka ce mu ga kansila. Kansila ya ce mu ga sashen ayyuka. Sashen ayyuka suka ce mai makullin ofis ya tafi ta'aziyya.

Ni da kaina na zauna a bencinsu sau shida, har masinja ya fara tambayata lafiyar gwiwa.

Ranan sai ga saƙo: injiniya zai zo dubawa ran Talata.

To, a nan ne na yi aikin da na iya.

Baƙo zai zo. Baƙon ma na gwamnati. Ni uwata ba ta koya min a tari baƙo a cikin ƙazanta ba.

Da sassafe na tara matan layin. Muka kwashe ruwan nan da bokiti tas. Na sa aka kawo yashi baro-baro aka rufe caɓin. Muka share, muka yayyafa ruwa, muka jera kaskon turaren wuta. Katangata ma na sa aka shafe ta da farar ƙasa.

Rumfa kuma can gaban masallaci muka kafa ta, inda iska ke kaɗawa. Kujeru, darduma, zoɓo mai ƙanƙara.

Injiniya ya zo, yaro ne mai ladabi, cikin farar shadda. Ya sha zoɓo. Ya taka layin daga farko har ƙarshe, takalminsa ko ɗigo bai taɓa ba.

Ya ce, "Masha Allah, Mama, layinku ya fi namu tsabta."

Kaina ya yi wani irin girma.

Ya rubuta abin da zai rubuta, ya tafi.

Shiru.

Muka sake kai takarda. Ya sake zuwa. Muka sake sharewa.

Zuwa na uku har mun ƙware. Maƙwabciyata Ladiyo dambun nama ta yi masa.

Duk zuwan nan akwai wani dattijo da ke biye da shi a baya, da dogon takalmin roba da sandar ƙarfe a hannu. Lebura ne. Ba wanda ya taɓa ba shi kujera. Zoɓon ma, gaskiya, ban taɓa cewa a miƙa masa ba.

Shi ne ya tsaya a ƙofata ran zuwa na uku, ana can ana rakiyar injiniya mota.

Na ba shi ruwa a kwano. Ya tsuguna ya sha, ya yi hamdala.

Sannan ya ce, "Hajiya, wa yake sa a share layin nan duk ranar da za mu zo?"

Na gyara mayafi. "Ni ce. Da magana?"

"Sannu da ƙoƙari. Sau uku ke nan Yallaɓai yana rubuta, an duba, babu matsala."

"Babu matsala? Makaho ne shi?"

"Idonsa garau, Hajiya. Abin da kika nuna masa ya rubuta."

 

Ni Yalwa, da ba a taɓa rufe min baki a layin nan ba, yau lebura ya rufe min shi.

Da kyar na ce, "To kai da ka sani, Malam, me ya hana ka gaya masa?"

"Ni lebura ne. Ba a tambaye ni ba."

Ya miƙo min kwanon. "Saura zuwa ɗaya. Ran Alhamis ta sama, da shugaban sashe, don a rufe fayil ɗinku. Kada ki bari a taɓa tsintsiya. Ki nemo min shuni, cikin gwangwani guda."

Ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Kwana biyu ina juya maganar. Shekara uku muna zagin hukuma a bakin rijiya, ashe da hannuna nake goge shaidarmu.

Da na faɗa wa kwamiti, mai unguwa ya kusa faɗowa daga kujera.

"Haba Hajiya! So kike manya su zo su ce unguwata ta ƙazamai ce?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, gara su faɗa, da su zo zaman makokina su yaba shara."

Ladiyo ta riƙe haɓa. "Yaya Yalwa, ke? Ke da kike bin mutum har gida a kan ɓawon gyaɗa?"

Na ce ni ɗin. Kuma duk wadda na gani da tsintsiya a waje kafin Alhamis, a gadon bayanta zan karya ta.

Na ɗauko kujera na dasa a ƙofar gida ina gadi.

Wallahi wanda ya fi ba ni wahala hannuna ne. Sau biyu ina tsintar kaina a sunkuye zan ɗauke leda.

Laraba da la'asar aka yi ruwa mai ƙarfi. Layin ya cika maƙil.

Alhamis suka iso.

Babu rumfa. Babu turare. Kujeru biyu na sa aka ajiye, a bakin ruwan daidai.

Shugaban sashe ya fito daga mota, wani mai tumbi da doguwar hula, ya kai hankici hanci. Injiniya ya tsaya kamar an kawo shi wata unguwar.

Ya ce, "Subhanallahi! Yaushe wannan ya faru?"

Malam Tanimu ya ce, "Shekara uku ke nan, ranka ya daɗe."

Yaron ya juyo ya dube ni.

Na ce, "Ɗana, ni na yi maka ƙarya. Ba da baki ba, da yashi."

Mata duk sun sunkuyar da kai. Ni ma fuskata zafi take, amma ban sunkuyar ba.

Shugaban ya leƙa ruwan daga nesa ya ce, "Wannan ai shara ce kuka cusa. Ku yi gayya ku yashe abinku. Ba aikin hukuma ba ne."

 Mun tona asirinmu a banza ke nan.

Sai na ji murya daga baya.

"Yallaɓai, a ba ni izini."

Dattijon nan ne.

Bai jira amsa ba ya hau kan kankaren da ya rufe lambatun. Yana tafiya a hankali, yana buga sandar ƙarfen, yana karkata kunne. Ƙwan. Taku biyu. Ƙwan.

Kun taɓa ganin ungozoma tana taɓa cikin mai naƙuda, ta ce ga kan yaro a nan? To haka.



Daidai bayan ɗakina ƙarar ta canza. Ni da ban san aikin ba na ji.

Ya tsaya.

"Nan ne. Ba shara ba ce. Kwalbatin ya karye a ƙarƙashin titi, ƙasan lambatun kuma ya tsage daga nan zuwa can. Ruwan ya samu sabuwar hanya. Ta ƙarƙashin gidan Hajiya yake bi."

Shugaban ya ce, "Kai Baba, ta ina ka gani? Ido gare ka a ƙasa?"

"Ni na zuba kankaren nan, Yallaɓai. Lokacin ko gemu ba ni da shi."

Ya sa sanda ya ɗaga murfi ɗaya. Ya naɗe riga. Ya shiga ruwan nan har ƙirji, ruwan da mu ko kallonsa ba ma son yi, fuskarsa ko yamutsewa ba ta yi ba.

Ya ce a miƙo shunin. Ya dama a bokiti, ya lalubi wuri da ƙafa, ya juye shi a nan.

Ya fito yana ɗiga.

"Hajiya, a ba mu izini mu shiga ɗaki."

Ɗakina.

Tun rasuwar mai gidana ba namijin da ya wuce zaurena in ba wanda na haifa ba. Ga bangon ta ciki ya yi funfuna, na rufe da labule, ko Ladiyo ba ta sani ba.

Na dubi mutanen layi. Duk ni suke kallo.

Na ce, "Ku shigo."

Aka ja gado. Aka yaye labule. Aka ɗaga ledar ƙasa.

Muka tsaya.

Shugaban ya duba agogo. Ya sake dubawa. Injiniya ya fara share gumi. Ni kuwa a raina ina cewa Yalwa, kin tara maza a ɗakinki a kan maganar mutumin da ko gaisuwar kirki ba ki taɓa yi masa ba.

Dattijo ya tsuguna, ya zuba wa gindin bango ido. Ko motsi.

Muka jira kamar tsawon lokacin da buta za ta tafasa.

Sai ga shi.

Siriri kamar zare, daga gindin katangar. Shuɗi.

Ya taho a hankali, ya yi faɗi, ya bi daɓen ɗakina, ya zo ya taɓa yatsun ƙafata.

Ladiyo ta saki salati. Shugaban sashe ya cire hula ya riƙe a hannu.

Ni kuwa dattijon na tsaya ina kallo.

Na haifi tara, na binne uku. Na je Makka na ga taron da ba shi da iyaka. Amma ban taɓa ganin mutum ya tsaya a kan ƙasa ya karanta abin da ke cikinta ba sai ranar. Allah Ya ajiye ilimi a inda Ya so, mu muna can muna jera wa hula kujera.

Injiniya a tsaye ya yi rubutunsa, shafi biyu cur. Shugaban ya sa hannu a kan murfin akwatina.

Kada ku zaci washegari aka fara aiki. Sai da Malam Tanimu ya yi mako uku yana kwana yana tashi da hanyar sakatariya, ni ma na koma bencina sau biyu. Amma yanzu akwai takarda mai faɗin gaskiya a fayil, ba mai iya cewa babu matsala.

Motar haƙa ta zo.

Na dafa abinci na musamman na fito ina neman dattijon a cikin leburori. Suka ce ai ya ajiye aiki ƙarshen wata, ya koma ƙauyensu.

Wane ƙauye? Ba su sani ba.

Sunansa fa? Suka dubi juna. "Mu dai Baba muke ce masa."

Rana ta biyu da fara haƙa, magini ya aiko a kira ni.

Na zagaya bayan ɗakin. Na tarar da shi zaune daɓas a ƙasa, ya ɗora hannu a ka.

Ya nuna min da baki.

Ƙarƙashin katangata rami ne. Ruwa ya cinye ƙasar tas, akuya biyu za su kwanta a ciki su juya. Katangar gefe da gefe kawai take dafe. Tsakiyarta a kan iska take tsaye.

Daidai inda nake sa kaina.

Ya ce, "Hajiya, ni Agusta na ce miki. Na yi ƙarya. Wannan ban san abin da ya riƙe ta jiya ba."

Na san Wanda Ya riƙe ta.

Aka tokare ta da itace, aka cika ramin da dutse da siminti. Aka sa sabon kwalbati.

Agusta ta zo da ruwan kwana uku ba ɗaukewa. Rana ta uku da hantsi na zauna a bakin gado, na jingina bayana da katangar, ina jin ruwa yana gudu a lambatu.

Yana wucewa.

Bangon a bushe yake.

Darasi:

Kunya tana da wurinta, amma ba a gaban wanda kuka kira ya yi gyara ba. In kun kai kuka hukuma, ku bar ɓarnar yadda take su gan ta da idonsu, su shaƙe ta da hancinsu. Abin da aka gani ake rubutawa.

Kuma in manya sun zo muku, ku leƙa bayansu. Wanda ke tsaye ba kujera, ku ba shi wuri, ku tambaye shi abin da ya sani, ku tambayi sunansa.

Ku tura wa mutanen layinku wannan, musamman wadda ba a isa a gaya mata ba. Kowace unguwa da irina.