Shekarar da Inna ta sayi kara

Da na gama makarantar koyon aikin gona aka ba ni babur, aka ce ni ne malamin gona. Na dawo ƙauyenmu kusa da Bakori ina jin kamar da shawarata ake damina. Fari bai daɗe da wucewa ba, kowa na tsoron ya dawo. Ni kuwa bayani a bakina: ruwanmu daga teku yake tasowa, iskar kudu ta ɗauko shi, in teku ya sauya hali damina ta gajarta. Haka nake zuba a ƙofar masallaci, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin bayan gari ba.

Na dami Baba da zancen gajerar dawa mai nuna da wuri, har ya sakar mini gonar duka. Inna, mahaifiyata, ta ce, "To Malam, dawar da ba ta wuce ƙugu ba, da me za a yi danga? Da me zan hura wuta?" Na ce mata da ciki ake fara ji kafin danga.

Abin haushin, na yi gaskiya. Ruwa ya ɗauke da wuri. Tamu ta nuna, ta maƙwabta ta yi tsawo a banza, kai babu ƙwaya. Rumbunmu ya cika, kaina ya fi shi cika.

Sai Inna ta fara sayen kara. Matan unguwa su shigo da dami, ta auna musu dawa. A shekarar da kara yake zube ko'ina, ko kyauta ba mai so! An gama danga, ba ta daina ba. Kara ya taru a bayan ɗaki, rumbu yana ta yin ƙasa. Na ga in aka ci gaba haka, hatsin ba zai kai mu kaka ba. Raina ya ɓaci sosai.

Na same ta tana awo, na ce, "Inna, wahalata kike musanyawa da shara?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Kai dai ka san inda ruwa ke fitowa. Matar da muka tsufa muna daka tare, so kake ta shigo gidan nan da ƙwarya ta ce a taimaka mata? Gara ta shigo da kara, ta fita a mai ciniki. In hatsi bai kai ba, mu rage tuwo. Je ka sauke wa maƙwabciyarmu, ga ta can a zaure."

Na je. Dattijuwa ce, ta sunkuyar da kai don kada mu haɗa ido. Damin ba shi da nauyi, rabinsa ma gara ta ci. Na juya shi sama da ƙasa kamar mai sayen doki, sannan na ɗaga murya yadda za ta ji, na ce, "Inna, wannan ya fi na jiya kyau. A ƙara mata."