Kurar da Ta Zo Cin Kasuwa

A gidanmu na unguwar Liman Abaji, ba a kashe wutar murhu don an sauke tukunyar tuwo. Iya, kakarmu ta wajen uba, ba ta yarda a zuba mata ruwa. Da an idar da sallar isha'i sai ta jawo kujerarta 'yar tsugunne, ta tura rogo biyu ko uku cikin garwashi, mu jikoki mu kewaye ta. Tana da hanyarta ta buɗe tatsuniya. Takan ce, "Ga wata nan tafe, ƙafarta duk laka." Mu kuwa mu amsa, "Ta shigo haka, mun shimfiɗa mata tabarma."

Ina aji biyar na firamare na samu muƙamin da na fi taƙama da shi a duniya: ni ce mai karanta wa Iya takarda. Katin asibiti ne, gayyatar biki ce, ko wasiƙa daga Nasarawa, sai ka ji ta ɗaga murya, "Ku kira mini ƙawata Hadiza, idona na boko." Ina zuwa sai in yi gyaran murya kamar alƙali.

Autan Iya, Baffa Sule, ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibiti a Agwada. Wata Laraba da rana aka kawo takarda daga wurin aikinsa, da adireshin gida, an buga ta da keken rubutu cikin Turanci mai nauyi. Na bi ta layi-layi. Yawancin kalmomin sun fi ƙarfina, amma ɗaya na gane ta sarai: caji. Na san caji ofis, inda aka kai mutumin da ya saci akuya a layinmu.

"Me suka ce, ƙawata?"

"Iya, sun ce daga ranar Litinin an saka Baffa a caji."

"Caji? Auta? Yaron da ko kaza ba ya iya yi wa tsawa?"

Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta ƙulla gari da ƙuli-ƙuli a leda, ta yafa mayafi, ta nufi tasha ina biye da ita. A ƙofar gida muka yi kiciɓis da maƙwabciyarmu, Malama Rifkatu, 'yar ƙabilar Eggon ce mai koyarwa a firamare, ta taso daga makaranta.

"Mama, ina zuwa cikin ranar nan?"

"Agwada, Malama. An kulle mini ɗa."

Malama ta karɓi takardar ta karanta. Sai ta fashe da dariya har da dafa bango. "Mama, ba kulle ba ne o! In caji suka ce. Shi ne oga na asibitin yanzu. Girma aka ƙara masa!"

Iya ta rangaɗa guɗa a tsakiyar titi. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kafin magariba Bala, ɗan wani baffana, ya raɗa mini suna Caji Ofis, yaran gida duk sun ɗauka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da na jiyo mahaifiyata tana cewa daga yau gara a riƙa kai wa Malama takardun Iya. Muƙamina ke nan ya tafi.

Da aka taru a bakin murhu na zauna can baya, kusa da turmi. Iya ta yi kamar ba ta gan ni ba, ta buɗe tatsuniya.

Wai wata kura ce da ba ta san komai a duniya ba sai ci. Ran nan tana laɓe a bakin rafi ta ji mata masu wanki suna cewa gobe za su ci kasuwa. Kura ta ce lallai mutane sun ci gaba da shagali ba su gayyace ta ba, kasuwa guda za a cinye! Ta wuni ta kwana ba ta sa komai a baki ba, don cikinta ya yi fili. Da safe ta naɗa zane ta rufe fuska ta shiga kasuwa. Ta zaga rumfar masu doya, ta zaga ta masu gishiri, ba ta ga wanda ya gatsi ko ginshiƙi ɗaya ba. Sai ta ji ana cewa ɗan maƙeri ya ci sarauta. Ta ruga wurinsa ta ce don Allah ko ƙashin sarautar ya rage mata. Aka yi mata dariya. Ta ji wani yana kuka wai abokinsa ya ci amanarsa, ta tambaya ko amanar nan da kitse. A nan zanen ya zame, aka ga kunnuwa. Wani mahauci ya ɗauko sanda ya ce, "Kura, tsaya nan, yau za ki ci na jaki."

Iya takan canza murya idan ta zo maganar kura, ta shaƙe ta ta hanci. "Sai kura ta zauna daram, ta lashi baki, ta ce, 'Madalla da ɗan albarka! A sa mini cinya.'"

Yara suka kwanta a ƙasa don dariya. Bala ya nuno ni da yatsa. "Iya, ai mun san kurar nan!"

"Ka san ta mana, ja'iri," in ji Iya. "Ga ta zaune tana gasa maka rogo. Tun kafin a haifi ubanka na san kalma ɗaya a Hausa tana da ƙofa goma. Amma yau na ji caji, na suri mayafi, ban tsaya na ce cajin wa ba. Na zaci kalmar Bature ƙofa ɗaya gare ta. Wanda zai yi dariya, ni zai yi wa."

Ba wanda ya yi. Ta kwance bakin zanenta ta zaro takardar. "Ƙawata, matso kusa da wuta ki sake karanta mini, ina son in ji girman Auta daga bakinki. Inda kika ci tuntuɓe, mu ajiye wa Malama zuwa gobe." Na matso. Na ci tuntuɓe sau huɗu, muka ajiye duka huɗun.

Yau aikina fassara labarai da karanta su a rediyo, kuma kusan kullum sai na haɗu da irin kalmomin nan. Caji a bakin lauya tuhuma ce, a bakin mai gyaran waya wutar batir ce, a wurin soja kuwa afka wa abokan gaba ne. Na taɓa zama minti biyar kafin shiga ɗakin watsa labarai ina kallon kalmar sel, ina son in tabbata ɗakin kulle ake nufi ko ƙwayar halittar da likitoci ke dubawa. Ba na rubuta ko harafi sai na san daga bakin wa kalma ta fito, da kuma aikin da yake yi.

Shekaru da yawa na ɗauka iyakar darasin ke nan. Sai da na haifi nawa 'ya'yan, na ga yadda dariyar gida ke iya rufe bakin yaro har abada, sannan na sake auna abin. Iya ba ta yi kuskuren komai ba a ranar. Abin da na faɗa mata shi ta ji, kuma kowace uwa da ta ji haka za ta nufi tasha. Ta dai dubi yarinyar da ke ɓoye a bayan turmi, ta ɗauki fatar kura ta yafa wa kanta a gaban jikokinta. Na ci gaba da karanta mata takardu har ƙarshen ranta. Ban taɓa yi mata godiya a kan wannan ba, domin sai bayan ta tafi na gane kyauta aka yi mini.