Dabinon Inna Hajjo

Inna Hajjo ungozoma ce a Ƙofar Kware, zamanin da Nasara bai daɗe da cin Sakkwato ba. A bazarar da sanƙarau ya shigo gari, in aka kira ta duba yaro mai zazzaɓi, sai ta ɗora masa dabino a ƙirji, ta ce ya sunkuyo ya ɗauka da baki. Wanda wuyansa ya lanƙwasu, ta ba shi jiƙon sabara. Wanda wuyansa ya ƙage, ta faɗa wa uwarsa gaskiya, cewa maganinsa ba ya hannunta. Aka fara cewa bakinta ne ke kashe yara, har mata na ɓoye 'ya'yansu in ta shigo gida.

Ana nan sai jikanta Siddiƙu ya kwanta. Ta ɗora masa dabino. Yaro ya yunƙura yana hawaye, haɓarsa ta ƙi sauka.

"Inna, mi kinka gani?" in ji 'yarta Lami, uwar yaron.

"Ban ga komi ba, ɗiyata."

Lami ta yi ajiyar zuciya, ta yi ta sa mata albarka. Duk bazarar nan, a kan wannan ƙarya kaɗai aka gode wa Inna Hajjo.