Batir Ba Ya Mutuwa, In Ji Inna Kande

Duk wanda ya taɓa shiga gidanmu da hantsi a zamanin Inna Kande ya san abin da zai fara cin karo da shi: batira, jere a kan tsohon faifai a gindin rumbu, suna shan rana kamar an shanya kuɓewa. Wasu sun yi tsatsa, wasu duk sawun haƙoranta ne, don in rana ta gaza, cizo ne magani na biyu. In ka kuskura ka ce, "Inna, wannan ai ya mutu," sai ta dube ka sheƙeƙe ta ce, "Batir ba ya mutuwa, suma yake yi."

Ku jikokinta dariya kawai kuka sani. Ni da nake matar ɗanta na fari, ni na san kunyar da batiran nan suka ja mini. Ina sabuwar amarya muka je suna Tsanyawa, gida cike da dangin babana, ina ta sunkuyar da kai ina nuna an kai ni gidan mutunci. Aka zo cin abinci aka nemi surukata aka rasa. Da na leƙa waje, sai ga ta a bayan shagon mai gyaran rediyo, ta duƙa tana tonon juji da kara.

Na ce, "Inna, don Allah, mutane na kallo."

Ta ce, "To su kalla mana, idonsu ne. Amarya, tara mayafinki."

Ta juye mini su a sabon mayafina. Haka na koma cikin mata, duk inda na motsa sai ka ji ƙwaram-ƙwaram. Gwaggona ta tambaye ni ko goro ne aka raba, na ce a'a.

Duk don rikodarta ake wannan wahala, wadda marigayi mijinta ya sayo tun gyaɗa na da daraja. Ba ta yarda a taɓa ta, kuma ba ta taɓa sa mata sabon batir ba.

Sai shekarun farin nan suka zo, waɗanda gero ya ƙone a tsaye, muka koma tafasa da garin rogo. Baban su Hadiza (kun san sunansa, ni har yau bakina bai iya ba) ya sayar da ɗan bijimin Inna ya yi kuɗin mota, ya tafi ci-rani Ikko, ya ce kafin damina zai dawo da abin sayen biyu. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, ba shi ba saƙonsa. Masu dawowa suka ce yana nan lafiya, dako yake yi, abin da yake samu bai wuce cikinsa ba, kuma ya ce da wace fuska zai kalli uwarsa. Babana ya gaji. Ya aiko cewa in ruwan shuka ya sauka bana mutumin nan bai dawo ba, zai zo ya tafi da 'yarsa, a je gaban alƙali a raba. Ni kuwa ba na so, amma ba abin da 'ya za ta buɗe baki ta gaya wa ubanta ba ne.

Wata yamma Inna ta shigo da sauri, zane a hannu. Ta ji labarin wani mai fataucin shanu, mutumin Bagwai, motarsa za ta tashi zuwa Ikko washegari da zarar kasuwar Tsanyawa ta watse.

Ta ce, "Kaset za mu aika wa wancan."

Wancan shi ne ɗan nata. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, ko magana za ta yi masa sai dai ta yi da bango.

Na ce, "To me za ki ce masa, Inna?"

"Ni in yi masa magana? Allah ya sawwaƙe! Waƙa zan yi, wanda ya tsargu da shi ake."

Dama ita gwanar waƙar niƙa ce, tana kan dutse take ƙirƙiro su, ta zagi wanda za ta zaga ba tare da ta kama suna ba. Matsalar ita ce kaset ɗaya tak gare mu, na wa'azin wani malami da aka kawo mata tsaraba. Da safe ta sa shi muka saurara, tana riƙe da haɓa.

Ta ce, "Inda ya ja aya, ba mai taɓa mini. Inda ya fara 'ku mata, ku mata', nan za mu shiga."

Na ce, "Inna, ba zunubi?"

"Zunubin me? Na ji shi har na haddace. Aiki da shi ne kawai ya rage."

Jan madannin ɗaukar murya ya ƙi dannuwa, ta cusa auduga a 'yan ramukan bayan kaset ɗin, dabarar da ta koya wajen mai gyaran rediyo garin tonon juji. Muka fara a ɗaki. Baiti ɗaya ta yi zakara ya yi cara, akuya ta amsa, maƙwabciya ta sa taɓarya. Da muka mayar muka ji, babu abin da ya fito sarai sai muryar Inna tana cewa, "Uwarki, akuyar banza!" a daidai bayan malam ya gama jan aya.

Ta fito tsakar gida ta dudduba, idonta ya sauka a kan rumbu. Rumbun ƙasa ne babba, ta sama ake shigarsa, kuma tun kaka biyu ba abin da ke ciki sai ƙaiƙayi.

"Kawo tsani. Tunda ya ƙi riƙe hatsi, ya riƙe murya."

Jama'a, ni da surukata, gwiwa na gugar gwiwa, a cikin rumbu, rana na dukan jinka! Gumi ya jiƙa mu sharkaf, ƙaiƙayi ya manne mana. Sannan ta gaya mini abin da ya fi zafin ranar ciwo: ni ce 'yar amshi.

Na ce, "Inna, wallahi ba zan iya ba. A gabanki?"

"To juya mini baya. Rikoda ba ta da ido."

Na juya na fuskanci bango, na lulluɓe kaina da zane, ta danna, ta ɗauko:

Wancan da ya tafi da rani,
Ya bar fartanya tana tsatsa,
Kunya ba ta cika rumbu,
Taho mu jiƙa ƙanzo mu sha.

Ni kuma in ce, "Dawo, dawo, mai gona." Farko a maƙoshi na yi shi, ta mintsine ni a cinya, sai ga murya ta fito har da ƙari. Ina yi ina hawaye, rabi na kunya, rabi na abin da ba na iya faɗa.

Ba mu yi nisa ba kaset ya fara jan ƙafa. Inna ta zare batiran ta miƙo mini, na hau na shanya su a bakin rumbu, muka zauna muna jira, inuwa kuwa sai matsowa take yi. Ta jikin bango muna jin 'yan kasuwa na wucewa da jakuna. Na ce ko in kai 'yan ƙwan kajinmu kanti a ba mu sabbi.

Ta ce, "Ga marasa lafiya a gida, ki je ki ɗauko baƙi? Miƙo su nan." Ta gartsa wa kowanne cizo ta mayar.

Haka muka yi ta yi, a ɗauka, a suma, a shanya, a tsallake aya, a ci gaba. Ta yi waƙar bijimi, cewa wanda ya haifi mai sayarwa ya fi mai saniya arziki. Ta yi ta Hadiza da ta fara tafiya ubanta bai gani ba. Da muka kusa ƙarshen kaset, na yi ƙarfin hali na ce, "Inna, ba mu fa faɗi mai shi ba."

"To faɗa mana."

"Ni? Sunansa?"

"Au, ni kike so in faɗa? Ke da kika same shi da gemu ba ki iya ba, sai ni?"

Muna cikin amshi na ƙarshe sai ga sallama a tsakar gida. Muryar babana! Ba wanda ya amsa masa sai rumbu, yana cewa, "Dawo, dawo, mai gona." Na ji ya ja da baya yana a'uziyya.

Inna ta ɗaga murya, "Wa alaikumus salam, Malam, muna ciki!"

"Cikin ina?"

Ta tura ni na hau. Na leƙo da kai, fari fat da ƙura, ƙaiƙayi har a gira, muka haɗa ido da mahaifina. Da ƙasa za ta tsage a ranar, da na gode mata.

Ya ce, "Hajara, abin da ya rage ke nan?"

Inna ta amsa daga ciki, "Ɓera muke nema."

"Ɓeran ake yi wa amshi?"

"Na bana sai da lallashi, Malam. Yunwa ta sa sun yi fushi sun bar gida."

Babana bai yi dariya ba. Ya maimaita maganarsa ta ruwan shuka, ya hau kekensa. Inna kuwa ta ɗan jima a ciki ita kaɗai, ta ce kaya take tattarawa.

Da sassarfa muka isa Tsanyawa, an riga an loda shanu, direba na ɗumama mota. Mai shanun ya karɓi kaset ya jujjuya, ya ce, "Wa zan ba, Inna?" Ta dubi gabas, na dubi ƙasa. Ta ce, "Ka kai masaukin 'yan garinmu, mai shi zai gane."

Abin da ba mu sani ba shi ne, abin da aka ɗauka da sumammen batir, in aka sa shi da sabo, gudu yake yi. A can Ikko aka sa shi a rikodar wani mai shayi, 'yan garinmu sun kewaye. Malam ya ja aya cikin natsuwa, ya ce, "Ma'anar wannan ita ce," sai ga wasu muryoyi kamar na 'yan tsaki suna tsere. Aka yi dariya har da faɗuwa. Da aka maimaita aka fara gane kalmomin, sai dariya ta ɗauke, don duk wanda ke wurin ya bar fartanya a gida, kuma ba a gane murya ba, ba a kama suna ba.

Kafin wata ya mutu maza suka fara dawowa, kowa na rantsuwa uwarsa ce ta yi masa waƙa. Iyayensu mata suka riƙa kawo wa Inna daddawa da kuka suna godiya. Namu ne kawai shiru. In na je rijiya, yara su matse hanci su bi ni da "Dawo, dawo, mai gona" da 'yar siririyar murya. Mata na cewa Hajara ta yi kira, mazan wasu sun amsa. Na daina fita sai dole.

Sai ruwa ya sauka, mai yawa. Gari na wayewa babana ya jingine kekensa a ƙofar gida ya ce in haɗa kayana. Inna ta ce wannan ba ruwan shuka ba ne, yayyafi ne. Ya ce ga kwaɗi na kuka. Ta ce kwaɗin bana maƙaryata ne, a je gona a tona a gani. Ta shige gaba, ni ina biye da ƙullin kayana a ka.

Daga nesa muka hango mutum a gonarmu da sungumi, yana saran shuka. Ya rame, wandonsa duk faci. Ashe tun asuba ya iso, kunya ta hana shi shiga gida, ya ari sungumi ya wuce gona. Da ya gan mu ya durƙusa a cikin laka. Na saci kallon Inna, ta kafa wa wata bishiyar kuka ido.

Ta ce, "Amarya, gaya wa wancan ramukan nan sun yi nisa da juna. Ƙasar ta ubansa ce, ba ta gwamnati ba."

Babana ya sauke mini kayan daga ka da hannunsa, ya ce in je in kawo iri.

Daga baya shi mai gidan ya ba ni labari. Ya ce shi ma ya yi dariya tare da kowa, amma abin ya tsaya masa a rai: wace ce a duniya za ta tsallake aya ta taka wa'azi? Da rikoda ta samu sarari, ya je jujin mai shayi ya tsinto batiran da aka zubar, ya shanya su, ya cije su, ya sa. Sai muryar ta sauko a hankali, ta zauna daidai, ga uwarsa ga matarsa. A can ƙarshe, inda ba wanda ya taɓa haƙurin kaiwa, bayan sallamar babana da maganar ɓera, sai shiru, sai numfashi. Sannan ta kira sunansa, sau ɗaya, ta ce, "Na yafe bijimin. Za a ɗauke mini yarinyar nan." Ya ce tunda aka haife shi bai taɓa jin sunan a bakinta ba. Kuɗin mota ne ya tsayar da shi, sai da ya yi dakon da ya tara su.

Har ta bar duniya ba ta amsa cewa ta kira sunan ba. In an tsokane ta sai ta ce, "Ni? Rikodar ce ta tsufa take surutai."

Ranar da ta cika, ina riƙe da hannunta, shi yana bakin ƙofa. Hadiza ta shigo ta duba, ta ce cikin kuka, "Umma, ko dai suma ce?" Na ce a'a, wannan karon ba ita ba ce. Da na fito na tarar da faifanta a gindin rumbu, rana ta riga ta hau kansa, na kasa kwashewa.

Allah ya jiƙan Inna Kande, ya haskaka makwancinta. Yadda ba ta taɓa yarda a zubar da abin da ya raunana ba, ya Allah kada ka zubar da ita, ka tashe ta cikin masu rahama. Amin.