Littafin da Na Sa Aka Ƙona

A shekarun fari, lokacin da gero ya ƙi fid da kai, wani dattijo ya dawo garinmu daga Kaduna. Tun zamanin Turawa yake akawu a majalisar dokoki. Aikinsa, in ji shi, manya su yi magana shi ya rubuta, ba ƙari ba ragi. Hali kuwa zanen dutse ne. Ko gindin tsamiyar da muke zama bayan la'asar, da littafinsa yake zuwa. Tari ka yi sai ka ga alƙalami ya motsa.

Ni dai ban yarda da shi ba. Wanda ya tsufa yana yi wa Nasara aiki, me zai yi da hirar talakawa? Ga shi kowa ɓoye ɗan hatsinsa yake, ana raɗe-raɗin hukuma za ta bi rumbuna.

Ana haka yunwa ta tasa ni cin rani. Kafin in tafi, a gindin tsamiyar nan, gaban dattawa biyu, na ba ɗan kawuna aron gonata ta gado, wadda gamba ya yi wa iyaka. Na ce aro ne, ranar da na dawo zan karɓa. Ya ce ya ji. Ina waiwayawa na ga akawu ya duƙufa yana rubutu, raina ya ɓaci.

Na ce, "Baba, wai wa kake kai wa maganarmu?"

Ya ce, "Ba kowa, ɗana. Mutum yana mantuwa, takarda ba ta yi."

Ban bar garin ba sai da na zuga jama'a. Mai gari ya sa ya kawo littafin, aka ƙona a ƙofar gidansa. Ni na ɗebo garwashin da kaina. Tsohon kuwa hayaƙin kawai yake kallo.

Damina uku na yi ina dako a kudu. Na dawo na tarar an tuge gamban, gonata ta haɗe da ta ɗan kawuna. Ya rantse kyauta na bar masa. Dattawan nan biyu, ɗaya ya rasu, ɗaya tsufa ya rikita shi.

Na haɗiye kunyata na je zauren akawu.

"Baba, kana wurin. Ka ji da kunnenka na ce aro ne. Ka zo ka faɗa wa mai gari."

Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Kamar haka aka yi. Amma tun ina saurayi aka hore ni, ba na shaida da ka. Abin da na rubuta nake tsaya wa. Maganarka tana shafin da ya bi rikicin rijiya, har kwanan wata na sa."

Har ya koma ga Allah ban gane ba, ƙa'idar aikinsa ce ko rama mini ya yi. Gonar dai tana kan hanyata ta zuwa kasuwa, kuma bana ma dawarta ta yi kyau.