Kwalbar Da Ba Ta Kwanta Ba

Bangon da ya raba ɗakina da na maƙwabcina a kwatas ɗin ma'aikatan dam na katako ne, irin wanda ko tari maƙwabci ya yi sai ka ce masa sannu. Shekara biyu ina jin ƙarar keken ɗinkin matarsa da rediyonsa, ban taɓa jin sun ɗaga wa juna murya ba sai wata Asabar bayan la'asar. Keken ya tsaya cak. Na ji tana tambayarsa dalilin da ya sa ya ɗauke mahaifiyarsa daga tsohon gari ya kama mata ɗaki a kan tudu. Ya ce sauro ne. Ta ce sauron nan shekara saba'in yana cizon Inna bai kashe ta ba, sai bana ya yi haƙora?

"To tawa uwar fa, Malam? Ita sauron ya san ta ne da zai ƙyale ta?"

Ta ce ita ba injiniya ba ce, tela ce, amma ita ke wanke masa kwalabe duk ƙarshen mako, kuma Allah ya ba ta ido. Bara jan da ke kwanciya a gindin kwalba kamar zanen kwalli yake. Bana sai ta sa yatsa ta kankare. Ya ce ta rage murya, bango na da kunne. Da na ji haka sai na ajiye cokalin da ke hannuna a hankali.

Tsohon gari yana ƙasan dam ɗin, tafiyar kilomita huɗu a cikin kwari, da kasuwarsa da makarantunsa da asibitinsa. In ka tsaya a bakin kasuwa ka ɗaga kai, bangon dam ɗin ne ke tare maka rabin sama. Tun muna makaranta gwamnati ke gina shi, ana cewa ranar da injinansa suka juya ƙasar nan ta yi sallama da duhu. A lokacin da nake ba da labari an tara ruwa rabi, ana jiran kwamitin sa ido daga ma'aikatar ruwa ya zo ya duba, ya ba da izinin cikawa har baki.

Malam Garau muke ce wa maƙwabcin nawa, har wasu sun ɗauka sunan yanka ne. Kullum ƙarfe bakwai yakan sauka matakala ɗari biyu da wani abu zuwa gindin bango, inda aka gina wani ɗan ɗaki da ake kira ɗakin awo. Dam ɗin ƙasa da dutse ne, da yumɓu daddaɓe a tsakiyarsa, kuma duk irinsa sai ya yi ɗan yoyo. Ma'aikata suna kiran wannan yoyon gumi. Gumin yana bi ta bututu ya zubo cikin wata kwata ta siminti a ɗakin. Aikinsa ya karanta tsawon ruwan a jikin ma'auni, ya cika kwalba ɗaya, ya duba launinta, ya cike fom. A gurbin launi kalma biyu ce kawai: garau, ko gurɓatacce. Ko lebura sabon zuwa ya san ma'anarsu. Gumi garau lafiya ce. In ya fara ɗauko ƙasa kuwa, ruwa ne ke cin bangon ta ciki kamar gara, ba a gani a waje sai ranar da ta gama.

Ni ne akawun da ke buga rahoton wata a ofishin Injiniya, don haka na san rubutunsa fiye da nawa. Garau, garau, garau, sau talatin duk wata.

Mutum ne da ƙarya ba ta fita bakinsa, abin har ya zama na barkwanci. In ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya ce agogonsa dai ya ce kaza. In ka tambayi lafiyar gida sai ya ce da ya fito dai lafiya ya bar su. Direbobi suna tsokanarsa wai ko a lahira aka tambaye shi sunansa cewa zai yi haka dai aka faɗa masa. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya gyara hularsa.

Bayan rigimar nan na nemi dalili na sauka ɗakin awo da safe, wai na kawo masa sababbin fom. Na tarar da shi a tsugune yana cika kwalba. Ruwan ba ja ba ne sosai, ya dai yi dishi-dishi kamar an wanke kofin shayi da shi. Ya toshe kwalbar, ya ɗora a ƙarshen kantar da yake jera kwalabe. Sannan ya ɗauko ta jiya da yatsu biyu, a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai, ya ɗaga ta saitin taga. Ta kwana, ƙasar ta kwanta a gindi, ruwan sama tas kamar hawaye. Ya duba da kyau, ya rubuta garau. Ya ga ina kallo, sai ya ce fom ɗin bai faɗi lokacin da za a duba ba, ya karanta shi gaba da baya. Na ce haka ne, Malam. Na hau matakalata ina haki.

Mai irin wannan dabara, mutane kan ce tsoron manya ne ya sa shi, ko kwaɗayin kujera. Ni ban yarda ba. Injiniya bai taɓa ce masa ya rubuta komai ba, bai ma san ana yi ba, ko kuma ya iya rashin sani. Sai da na tono tarihinsa a bakin tsofaffin direbobi na fara ganin bakin zaren. Kafin ɗakin awo shi direban rola ne, injin nan mai nauyi da ke daddaɓe yumɓu. Ƙa'ida ita ce kowane shimfiɗi a bi ta kansa sau takwas, kuma kada a taka shi da jiƙa. Wata damina aka ce manya za su zo daga ma'aikatar su ga bango ya kai wani tsawo, kwana goma aka bayar. Aka yi ta zuba yumɓu cikin yayyafi. Ɓangaren hagu, kusa da bututu, shi ne a kan rola, kuma wanda ya ba ni labarin ya ce a satin nan ba wanda ya ƙirga har takwas. Manya suka zo, suka yi hoto, suka yaba. Daminar ba ta ƙare ba ya ce bayansa na ciwo, ya roƙi a mai da shi ɗakin awo, aikin da kowa ke gudu saboda matakala. Mai ciwon baya da matakala ɗari biyu. Wanda ya binne abu shi ke yawan zagaya wurin, amma ban sani ba ko gadin bangon yake yi ko gadin kansa.

Ranar da kwamiti zai zo an shafa wa duwatsun bakin hanya farin fenti, an raba wa kowa sabuwar hular kwano. Motoci tara suka shigo. Shugaban kwamitin mai babbar murya ne, yana tafe yana duba agogo. Aka kai su ɗakin injinan wuta, aka nuna musu ƙofofin ruwa, aka hau saman bango ana nuna tafkin da yatsa. Ɗakin awo ba ya cikin jadawali. Wata dattijuwa ce a cikinsu, injiniya mai ritaya da ke dogara sanda, ta ce ita sai ta ga gumi. Injiniya ya ce matakala da yawa, Hajiya. Ta ce ai saukowa ce, hawan kuma Allah na nan. Dole mutum biyar suka bi ta, har da ni da fayil a hammata.

Malam Garau ya share ɗakin tas, kwalabe shida jere a kanta kamar a kantin magani. Ta karanta ma'auni da kanta, ta buɗe fom ta bi kwanaki da yatsa, ta ce rubutunsa na da kyau. Ta nuna kwalba ɗaya ta tambaya ko ta yau ce. Ya ce ta jiya ce, ranki ya daɗe. Ta ce ta yau fa?

"Ba ta kwanta ba tukuna," in ji shi.

Na ga kunnensa ya motsa. Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau, ta buɗe baki, sai Injiniya ya yi dariya ya ce Malam Garau ke nan, kwalabensa ma barci yake sa su kamar 'ya'ya. Biyu daga cikin baƙin suka taya shi dariyar. Daga sama aka fara danna hon, wani ya leƙo ta kan matakala yana cewa shugaba na jira, jirgi ba ya jiran kowa. Hajiya ta rubuta wani abu gajere a littafinta, ta rufe. Ta dubi kwatar, ta dubi matakalar da ke gabanta, ta gyara riƙon sandarta. Sau uku ta huta kafin ta kai sama.

Har yau ina juya maganar nan. Suɓutar baki ce ta mutumin da harshensa bai iya ƙarya ba? Ko kuwa ya daɗe yana dakonta, ya auna daidai wadda za ta isa a ce ya faɗa, ba ta isa a tsaya ba? Mako uku yana jiran sakamakon ziyarar. Duk motar da ta shigo da lambar gwamnati sai ya fito bakin ɗakin awo ya ɗaga kai. Ya rame, ya daina kunna rediyo. Matarsa ta ɗauki keken ɗinkinta ta koma tsohon gari wurin mahaifiyarta, ta ce in abin zai zo ya same su tare.

Takardar kwamitin ta iso ranar Talata, ni na buɗe ambulan. Shafi goma sha huɗu. Kwamiti ya yaba da tsafta, ya nemi a ƙara fitilu a saman bango da abin dafawa a matakalar ɗakin awo saboda masu shekaru. Ya ba da izinin a rufe ƙofofi a cika tafkin har baki daga farkon wata. Hajiya ta sa hannu a layi na shida, da ɗan ƙaramin rubutu mai kyau.

Da na taso aiki na tarar da shi a tsaye a ƙofar ɗakina, takalmansa jiƙe. Na ce ya shigo, ya ce a'a. Ya tambaya ko gaskiya ne abin da ake faɗa, na ce gaskiya ne. Ya tambaya ko an ambaci kwalba, ko da a layi ɗaya. Na ce na karanta sau biyu, babu. Ya daɗe yana murza mariƙin ƙofar da babban yatsa, yana duban ƙasa.

"Kai dai kana wurin, maƙwabci," ya ce. "Ka ji da kunnenka na faɗa mata. Ita ce ba ta tambaya ba."